Abin da Ke Sa Mai Saye Ya Dawo: Darasi Daga Kasuwannin Jos

Duk wanda ya san Jos kafin shekarar 2002 ya san Babbar Kasuwar Taminus, ƙaton ginin nan da baƙi kan tsaya su kalla kafin su shiga sayayya. A watan Fabrairun wannan shekarar gobara ta lashe ta. Kawuna yana cikin dubban 'yan kasuwar da suka wayi gari ba shago ba haja. Atamfa da shadda da leshi yake sayarwa, ni kuwa a lokacin yaron shagonsa ne. In an taso daga makaranta can nake wucewa, in yi shara, in ninke kaya, in sayo masa abinci.

Bayan 'yan makonni ya kafa tebur a gefen titin Ahmadu Bello, inda da yawa daga cikin waɗanda gobarar ta shafa suka baje kolinsu. Turmi ashirin da 'yan kai ne a kan teburin, su ɗin ma wani abokin cinikinsa na Kantin Kwari a Kano ne ya aiko masa, ya ce in ya sayar ya biya. Abin da ban manta ba shi ne yadda mata suka riƙa bin layi suna cigiya: "Don Allah, ina Alhaji mai atamfa ya koma?" Akwai maƙwabtanmu da suka fi shi jari nesa ba kusa ba, amma har suka koma ga Allah ba su sake miƙewa ba. Kowa da rabonsa, wannan ba musu. Sai dai shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina juya abin a raina, kuma na gamsu cewa babban jarin Kawu ba ya cikin shagon ballantana wuta ta ci shi. Jarin nasa mutanen da suka saba saye a hannunsa ne, suka ƙi na kowa sai nasa. Yadda mai sayarwa ke tara irin wannan jari shi nake so mu warware.

Da farko a kawar da wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakaninmu. In yaro ya cika surutu sai ka ji iyaye na cewa, "Wannan ai ɗan kasuwa ne." Haka masu shaguna, in za su ɗauki yaro, mai zaƙin baki suke nema. Zaƙin baki yana sayar da kaya, ba na musu, amma sau ɗaya yake sayarwa. Matar da ke sayen atamfa ba sau ɗaya take saye ba: ga ƙaramar Sallah, ga babba, ga suna, ga biki, ga lefen ɗanta in lokaci ya yi, ga 'yan unguwarsu da za su ga zanen a jikinta su tambayi inda ta samo. Wanda ya yi mata romon baka ya ci ribar dubu uku yau, ya yi asarar cinikin shekara goma bai sani ba, domin ba za ta dawo ta gaya masa ba. Ɗauke ƙafa kawai za ta yi.

Kawu ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya iya shi ne tambaya da saurare. Wata rana wata dattijuwa ta zo haɗa lefen ɗanta, ta zauna a benci tana ta nuna manyan atamfofi da ke can sama. Ni har na fara murna, na taka kujera zan sauko da su. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Hajiya, akwati nawa ake so a kai?" Ta faɗa. "Amaryar 'yar ina ce?" Ta faɗa. "An riga an sayi na mayafai da takalma, ko duk a cikin kuɗin nan za a yi?" Nan ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ta ce duk a ciki ne. Sai ya ce in sauko da manya guda biyu kacal, waɗanda za a ɗora a sama a fita kunyar dangin amarya, sauran kuma ya zaɓar mata masu matsakaicin kuɗi da ba sa zuba. Ta tashi da ragowar kuɗin mayafai a hannunta. Da ta tafi na ce, "Kawu, ai da ka bar ta da ta kwashi manyan nan." Ya ce, "Da ta kwasa, da ta je gida ta ƙirga kuɗinta ta tsine mini. Tana da sauran 'ya'ya maza uku."

A cikin tambayoyin nan uku ya gano abin da bakinta bai faɗa ba. Mai saye yakan zo da abin da yake so a baki, da abin da yake tsoro a zuci, kuma tsoron ne ke yanke ciniki. Hajiya tsoron gori take yi, kada a buɗe akwati a taɓe baki. Wani tsoron ya sayi abu ya lalace matarsa ta ce an cuce shi yake yi. Wani kuma kunyar a gane kuɗinsa bai kai ba ce ke damunsa, shi ya sa yake kushe kayan. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, to amma wanda bakinsa bai huta ba yaushe zai kalli fuskar?

Saurare kuwa ba ya amfani in babu sanin haja. Kawu yana shafa atamfa ya gaya maka ta Holan ce ta asali, ko kwaikwayonta ce da aka bugo a Caina, ko cikin ragowar na masaƙun Kaduna ce kafin su durƙushe. Ya san wadda ke zuba a wankin farko, da wadda ke ƙara kyau in ta sha ruwa, da shaddar da maiƙonta na gaske ne da wadda sitaci ne kawai aka maka mata. Wannan ilimi ne, kuma shekaru ake yi ana tara shi. Abin baƙin ciki, yau sai ka shiga shago ka tambayi yaro bambancin kaya biyu, iyakar amsarsa ita ce, "Wannan ya fi tsada."

Ɗauki misalin sola, da yanzu kowane lungu ake sayarwa saboda halin da wutar lantarki ke ciki. Magidanci zai zo ya ce yana son wadda za ta ɗauki gidansa. Wanda bai san aikinsa ba zai nuna masa wadda ta fi riba. Wanda ya sani zai zaunar da shi su ƙirga: ƙwan fitila nawa, talabijin nawa, akwai firji? Domin firji yana fizgar wuta mai yawa a lokacin da yake tashi. Kuma in a Jos yake, dole ya tambayi abin da mai sayarwa a Sakkwato ba zai damu da shi ba: da me ake dafa ruwan wanka da hunturu? Garin nan yana kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, sanyin Disamba da Janairu ba ya barin kowa ya taɓa ruwan sanyi da asuba, kuma hitar ruwa guda ɗaya tana cin wutar da ta fi ta fitilun gidan gaba ɗaya. Ga kuma hadarin Yuli da Agusta da kan rufe rana yini guda, batir ya kasa cika. Wanda ya faɗi waɗannan tun kafin a biya kuɗi, ya tsira daga ranar da mai gida zai dawo masa da injin a ka yana huci.

Wurin da aka fi gane mai sayarwa na ƙwarai shi ne inda hajarsa ke da aibi. Je ka kasuwar Farin Gada da sassafe, lokacin da motoci ke sauke tumatir da kabeji da karas da koren wake, wasu kuma ana yi musu lodi zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Kowa ya san abin da ake kira fuskar kwando: manya-manya jajaye a sama, ƙanana da masu tabo a ƙasa. Abin ya zama ruwan dare har mai saye ma da zarginsa yake zuwa, ya zura hannu har gwiwa yana lalube. Alhali maganar nan an gama ta tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce wani tsibin abinci, ya sa hannu ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Maƙwabtanmu Kiristoci ma suna karanta a littafin Karin Magana cewa ma'aunin ha'inci abin ƙyama ne a wurin Ubangiji. Ba wanda zai ce bai ji ba.

To ban da tsoron Allah, yanayin cinikin yau ma ya sa gaskiya ta zama dole. Da yawan masu sarin kayan gwari daga kudu ba sa zuwa Jos. Waya suke bugowa dillalinsu, su turo kuɗi, ya saya ya ɗora a mota. Matar da ke Fatakwal ba ta ga kwandon ba sai bayan ya kwana a hanya. Dillalin da ya san aikinsa zai ce mata, "Madam, na yau ya nuna da yawa, ba zai kai miki ba, ki bari sai jibi," ko ya zaɓar mata mai tauri da bai gama ja ba. Ya rasa la'adar ranar, amma ita kuma ta samu wanda za ta damƙa wa ɗaruruwan dubban naira ta kwanta ta yi barci. Irin waɗannan dillalai ba sa neman kwastoma, kwastoma ne ke ba juna lambarsu.

Ni kaina an taɓa yi mini akasin haka. Na sayi waya a wani shago a cikin gari, yaron ya rantse mini sabuwa ce dal. Kwana tara allonta ya fara rawa, mai gyara ya buɗe ya nuna mini inda aka taɓa yi mata aiki. Da na koma, wanda ya tarbe ni da "Yallaɓai" ranar farko ko ɗago kai bai yi ba, ya ce kaya in ya fita ya fita. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Da ya ce mini gyararriya ce ga farashinta, wallahi da zan saya, don abin da aljihuna zai iya ke nan. Rantsuwar ce ta tsaya mini a wuya. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce rantsuwa tana sa haja ta shige, amma tana shafe albarka. Shekara huɗu ke nan, duk wanda ya tambaye ni inda zai sayi waya, nakan gaya masa layin da zai kauce wa.

Sai batun tayi. Bahaushe ya gina wa ciniki ladabinsa tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Mai saye ya taya, in bai kai ba a ce masa "albarka". Duba kalmar da kyau: an ƙi tayinka, amma da addu'a aka ƙi shi, ba a kore ka ba, ƙofa a buɗe take ka ƙara. In an daidaita a ce "na sallama", a bi da gyara in kayan awo ne. Gwanin mai sayarwa ya san inda zai faro da inda ba zai sauka ƙasa da shi ba, kuma ya san haka tun kafin mai saye ya iso. Ba ya tsuga kuɗin da in aka raba biyu ma da riba, domin wanda ya saya a farashin farko, ranar da ya gano, ya tafi ke nan. Ba ya kuma wulaƙanta mai ƙaramin tayi. Na sha jin yara na cewa, "Ka je ka saya a can in ka samu," ko su fizge kaya daga hannun mutum. Kawu in aka yi masa tayin da ko uwar kuɗi bai kai ba, murmushi yake ya ce, "Albarka, Mama. Ga wanda zai zo daidai da kuɗinki," ya jawo wani. Wanda ya sa aka sauke masa turmi goma ya tashi bai sayi ko ɗaya ba, da "Allah ya kawo mu gobe" ake raka shi, ni kuma in ninke ina ƙunƙuni a ciki. Da yawansu goben ta kawo su.

Akwai wani abu da ya keɓanci Jos, wanda ba zan iya tsallake shi ba. Garin nan mahaɗa ce: Birom da Afizere da Anaguta, Angas da Tarok da Mwaghavul, Hausawa da Fulani, Ibo da Yarabawa, kuma Hausa ce harshen da yawancinsu ke haɗuwa a kai a kasuwa. Rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 sun raba unguwanni, har aka kai lokacin da mutum kan yi tunani sau biyu kafin ya shiga wata kasuwar. A irin wannan gari, mai sayarwa da ya iya tarbar kowa da sunan girmansa yana da abin da wani ba shi da shi. Kawu yana ce wa dattijuwar Birom "Ngo", dattijonsu "Da", ya san wadda za a ce wa "Hajiya" da wadda za a ce wa "Madam". Ya san watan Disamba na Kirsimeti ne da bukukuwa, yana tanadin kayansa kamar yadda yake tanadin na Sallah, kuma matan Zumunta na coci-coci suna yin ankon biki a wurinsa. Ba siyasa yake yi ba, ba kuma fuska biyu ba. Ya ɗauki duk wanda ya tako zuwa teburinsa a matsayin baƙonsa, shimfiɗar fuska kuwa ta fi ta tabarma. A ganina 'yan kasuwar da suka riƙe wannan hali a shekarun nan masu wuya sun yi wa zaman lafiyar Filato aikin da tarurruka da yawa ba su yi ba.

Duk wannan kirki, in babu lissafi, karyewa ce ƙarshensa. Shekarar 2023 ta koya wa kowa. A farkonta canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, masu kayan gwari suna kallon hajarsu na ruɓewa, wanda bai da asusun banki ko na'urar POS ya rasa yadda zai karɓi kuɗi, wanda bai iya duba asusunsa ba kuma aka yi ta cutarsa da alat na bogi. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. Sai darajar naira ta faɗi, dalar da ake canzawa ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. A irin wannan yanayi, a ce ka saro turmi a kan naira 20,000, ka sayar 23,000 kana murna, ka koma Kwari ka tarar ya zama 25,000. Riba ka ci a baki, amma jarinka ya zaizaye. Mai sayarwa na gari yana bin farashin sari kullum, kuma ya iya yi wa tsohon kwastoma bayanin ƙarin ba tare da faɗa ba: ga yadda na saro wancan, ga yadda yake yau, in kina so ga ragowar tsohon kaya a tsohon kuɗi.

Matasanmu da ke tallar kamfanoni, na banki da na inshora da masu zagaya shaguna da kayan masarufi, tasu jarrabawar daban ce. An ɗora musu adadin da za su kawo a wata, albashi ya rataya a kan kamasho, ga shugaba na bugo waya. Matsin nan ne ke sa a tura wa mai kanti katan hamsin alhali ashirin yake iya sayarwa, kaya su yi kwantai har wa'adinsu ya ƙare. Ina tausaya musu ƙwarai, amma wata mai zuwa ƙofar wannan kantin za su sake ƙwanƙwasawa. Haka matan da ke kasuwanci daga ɗaka ta WhatsApp: hoton da aka ƙawata har launin zane ya sauya, shi ma fuskar kwando ce.

Bashi shi ne ma'auni na ƙarshe, kuma mafi wuya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya ce sam ba ya bayarwa zai rasa malamai da ma'aikatan gwamnati da ke jiran ƙarshen wata, a gari irin Jos kuwa su ne rabin kasuwa. Wanda kuma ke ba kowa saboda kunya, kunyar za ta rufe masa shago. Sanin wa za a ba, nawa, zuwa yaushe, da yadda za a tambaya ba tare da an ci mutunci ba, wannan sai wanda ya daɗe yana karantar mutane. Kawu yana da wani dogon littafi mai baƙin bango da yake rubuta bashi a ciki da ajami, suna da adadi da rana. Ba ya aike na gidan kowa da safe, ba ya tambaya a gaban mutane. In mai bashi ya zo, sai sun gama gaisawa ya ja shi gefe.

Littafin nan yana cikin abin da ya ƙone a Taminus. Ba shi da wata shaida a kan kowa, kuma akwai waɗanda suka yi amfani da haka suka ɓace, har yau. Amma a watannin da muka yi a gefen titi, mutane sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani malamin firamare ya kawo rabi, ya ce sauran sai an yi albashi. Wata rana da yamma, ana yayyafin farkon damina muna rufe kaya da leda, wata dattijuwa ta sauko daga motar Bukuru. Kawu ya miƙe ya ce, "Ngo, sannu da zuwa, ya muka ji da wannan abu?" Ta yi masa jaje, ta kwance bakin zanenta, ta ƙirgo kuɗin turmi uku ta ajiye a kan tebur. Ya ce shi biyu yake tunawa. Ta ce uku ne, na ukun 'yarta ce ta zo ta karɓa ranar da ya tafi Kano, yaron nan ne ya ba ta. Ta nuna ni. Kawu ya juyo ya kalle ni, na ce haka ne, na manta ban gaya masa ya rubuta ba. Ya karɓi kuɗin, ya sa na buɗe ledar da muka riga muka ɗaure, ta zaɓi wani turmin, ta ce wannan kuma sai bayan girbin dankali.